An yafe wa Najeriya bashi a 2005, me ya mayar da mu ciki?

Wani malamin sakandare daga Funtuwa ya aiko da wannan tambaya: "Kullum muna ji ana cewa ƙasashe masu arziki abokan ci gabanmu ne, suna ba mu agaji, har sun taɓa yafe mana bashi a zamanin Obasanjo. To ga shi bashin ya dawo ya fi na da, masaƙunmu sun mutu, yanzu kuma an ce Amurka ta janye agajinta. Wannan ƙawance gaskiya ne ko yaudara? Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa ta cewa."

Malam, Allah Ya saka da alheri, kuma ka gaishe min da ɗaliban nan, don sun yi tambayar da ta dace. Ƙawancen ba yaudara ba ce zalla, ba kuma sadaka ba ce. Ciniki ne tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, kuma abubuwa uku ake ciniki a kansu: agaji, bashi da kasuwanci. Idonmu ya fi karkata ga agaji saboda shi ne ake kafa wa allo a bakin rijiyar burtsatse, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Abin da ya fi yanke hukunci a kan rayuwarmu shi ne me muke sayar wa duniya, a kan nawa, da kuma nawa ake caje mu idan muka je rance. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin dawowar bashin ba.

Alkawarin kansa tsoho ne. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu a shekara don taimakon ƙasashe matalauta, wato kobo 70 a cikin kowace naira 100. A shekara ta 2000 aka sake ɗaura alkawarin a cikin Muradun Ƙarni, inda muradi na takwas ya yi magana a kan agaji da buɗe kasuwanni da sauƙaƙa bashi. A 2015 aka maimaita shi a matsayin muradi na 17 a cikin sabbin muradun ci gaba mai ɗorewa. Ƙasashen da suka riƙa cika wannan kaso ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: Norway, Sweden, Denmark, Luxembourg, sai Holland da Birtaniya da Jamus a wasu shekaru. A dunƙule masu bayarwar ba su taɓa kaiwa ko kusa ba. A 2024 abin da suka bayar ya tsaya a wajen kashi 0.33, dala biliyan 212. A shekarar Amurka ce ta fi kowa yawan kuɗin da ta bayar, amma idan aka auna da arzikinta bai kai kashi 0.3 ba.

Bari mu ɗauki bashin, tunda shi ne ya fi damun ka. A 1978 Najeriya ta ci babban bashinta na farko daga bankunan waje, dala biliyan 1. Lokacin man fetur yana da daraja, bankunan Turai da Amurka sun cika da kuɗin ƙasashen Larabawa, suna neman wanda za su ba rance. Sai abu biyu suka faru kusan a tare. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya doshi kashi 20 cikin 100 a 1980 da 1981 don ya kashe tsadar kaya a gida, farashin mai kuma ya fara gangara, har ya rufta a 1986. Mu kuwa a zamanin Shagari muna ta shigo da shinkafa da kayan gyara da sauran tarkace a kan bashi. Kamfanonin Turai da suka kawo kayan suna da inshora daga gwamnatocinsu, don haka da muka kasa biya sai gwamnatocin suka biya su, bashin ya koma na ƙasa da ƙasa. Ta nan ne galibin abin da ake kira bashin Paris Club, wato ƙungiyar gwamnatocin da ke bin wasu ƙasashe bashi, ya samo asali. An sake jadawalin biya a 1986, 1989, 1991 da 2000. A zamanin Abacha kusan an daina biya, tara da ruwa suka yi ta hawa kan juna. Kafin 2005 ƙasashen wannan ƙungiya suna bin mu kusan dala biliyan 30, babban kaso daga ciki ba kuɗin da muka karɓa ba ne, ruwa ne da tarar jinkiri.

Yafewar ba ta faɗo daga sama ba, kuma wannan ne nake so ɗalibanka su riƙe. A 1996 Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, IMF, sun fito da shirin rage wa ƙasashe matalauta bashi, Najeriya tana cikin jerin farko, amma a 1998 aka cire ta, wai mai arzikin mai ba ta cancanta ba. Obasanjo ya yi shekaru yana zagaya manyan biranen duniya yana roƙo ba a kula shi ba. Abin ya canja ne da aka yi aikin gida. A shekara ta 2000 aka kafa ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, saboda kafin nan takardun bashin suna warwatse a ma'aikatu, ba mai iya faɗin adadi ɗaya da bakinsa. Dakta Mansur Muhtar, ɗan Kano, shi ya ja ragamar ofishin a shekarun tattaunawar, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Aka buɗe asusun rarar man fetur a 2004, aka tara kuɗi a hannu. Majalisar Wakilai a Maris 2005 ta zartar da ƙudurin cewa a daina biyan bashin kwata-kwata, abin da ya nuna wa masu bin bashin cewa in ba su karɓi wani abu yau ba, gobe suna iya rasa duka. A can Turai kuma majami'u da ƙungiyoyin farar hula sun yi shekaru suna gangamin a yafe wa Afirka bashi, ga shi Birtaniya, wadda ta fi kowa bin mu, ita ce mai masaukin taron ƙasashe takwas masu ƙarfi a Gleneagles a Yuli 2005, Tony Blair da Gordon Brown suna neman abin nunawa.

A Oktoba 2005 aka sa hannu: an yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya biliyan 12.4, aka kammala a Afrilu 2006. A lokacin mutane da yawa sun ce zalunci ne ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa ta ɗauki irin wannan kuɗi a dunƙule ta miƙa wa masu arziki. Suna da hujja. Akwai ma wani abin da ba a cika faɗa ba: ƙasashen da suka yafe sun rubuta yafewar a littafinsu a matsayin agaji, har lissafi ya nuna Najeriya ta karɓi agajin sama da dala biliyan 11 a 2006, alhali ko sisin wannan kuɗi bai shigo ƙasar ba. Duk da haka ni ina ganin cinikin ya yi kyau. Bashinmu na waje ya sauko zuwa wajen dala biliyan 3.5. Kusan dala biliyan 1 da ake biya duk shekara aka karkatar da ita zuwa ofishin Muradun Ƙarni, wanda Hajiya Amina Mohammed ta jagoranta. Daga wannan kuɗi aka gina asibitocin karkara da ajujuwa, aka tona rijiyoyi, aka ɗauki ungozomomi a shirin da aka fara a 2009. Wasu ayyukan sun lalace, wasu an cinye kuɗinsu, amma akwai matan da suka haihu lafiya saboda su.

To me ya mayar da mu? Yafewa tana share allo ne kawai, ba ta canja dalilin da ya sa aka ci bashin tun farko. A 2005 kusan duk dalar da muke samu daga ɗanyen mai take fitowa, kuma har yau shi ne kan gaba da nisa. Bashin waje da dala ake biyan sa, mu kuwa naira muke bugawa. Misalinsa manomi ne da ya karɓi taki bashi da sharaɗin zai biya da shinkafa, alhali gero kaɗai yake nomawa. Dole ya sayar da gero ya sayi shinkafa, ran da gero ya faɗi bashinsa ya ƙaru ko da bai ƙara karɓar mudun taki ɗaya ba. Farashin mai ya karye a 2014, tattalin arziki ya shiga matsi a 2016, korona ta zo a 2020. Kowane karo sai a rufe giɓin da rance. Kafin ƙarshen 2022 bashin waje ya haura dala biliyan 40. Da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, bashin ya ninka sau uku a lissafin naira.

Ka duba maƙwabciyarku Kaduna ka ga yadda abin yake a ƙasa. Galibin bashin wajen da ke kan jihar daga irin su Bankin Duniya ne, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Amma a Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587, kuma daga naira biliyan 10 na kason jihar a wannan wata an zare biliyan 7 don biyan bashi. Daga tushe ake cirewa a Abuja, kafin kuɗin ya iso. Abin da ya rage shi za a raba wa albashin malamai irinka da maganin asibiti. Wato ko bashi mai rahusa yana iya zama mai tsada idan da dala aka ɗaure shi.

Masu ba da bashin ma sun canja. A da gwamnatoci ne da za a iya zama da su a ɗaki ɗaya a Paris. A Janairu 2011 Najeriya ta fara sayar da takardun bashi na Eurobond a kasuwar duniya, dala miliyan 500, a kan ruwa kashi 6.75. A Disamba 2024 ta ciyo dala biliyan 2.2, wani ɓangare a kan kashi 9.625, wani a kan 10.375. A wannan watan Jamus tana samun rancen shekara goma a kan ƙasa da kashi 2.5. Wanda ya fi buƙata shi ya fi biya. Kamfanoni uku, Moody's da S&P da Fitch, su ke auna haɗarin kowace ƙasa, kuma hukuncinsu ke yanke farashin. Gwamnatocin Afirka suna kukan ana yi musu kuɗin goro. Ina ganin akwai gaskiya a kukan, sai dai ba duka ba ce, don mai ba da rance yana kallon kuɗin shigarka, namu kuwa ba shi da yawa. Mutane kuma suna yawan ɗora komai a kan China. Gaskiya ta ba mu bashi, kamar dala miliyan 500 na layin dogon Abuja zuwa Kaduna, amma rabonta a bashinmu na waje bai wuce wajen kashi ɗaya bisa goma ba. Bankin Duniya da masu riƙe da Eurobond su ne manya.

Wannan sabon tsari ya sa fita daga bashi ta fi wuya. Ghana ta samu sassauci a 2004, ta shiga kasuwar Eurobond a 2007, ta kasa biya a Disamba 2022 bayan Amurka ta sake ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama. Da aka zo gyara, sai da aka taɓa kuɗin 'yan ƙasa da suka ba gwamnatinsu rance, har tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra. Zambiya ta kasa biya a Nuwamba 2020, ta shafe sama da shekara uku tana jiran masu bin ta su daidaita a tsakaninsu. Chadi ita ce ta fara kammala yarjejeniya a ƙarƙashin shirin da ƙasashen G20 suka fito da shi a 2020, amma a 2022 abin da ta samu ɗage lokaci ne, ba ragi ba, kuma babban mai bin ta a cikin 'yan kasuwa kamfanin Glencore ne, wanda ake biya da ɗanyen mai. Har yau duniya ba ta da wata kotu ko doka da ƙasar da bashi ya karya za ta je, kamar yadda ɗan kasuwa yake da ita. Abin da ke ƙona min rai shi ne an san yadda ake yi. A 1953 a Landan aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashinta, aka kuma tsara biyan sauran yadda zai dogara da rarar kasuwancinta. Ma'ana, in masu bin ta suna son kuɗinsu, sai su sayi kayanta. Ba a taɓa yi wa wata ƙasar Afirka irin wannan sharaɗi ba.

Wannan ya kawo mu kan kasuwanci, inda maganar take a gaskiya. Kai ɗan ƙasar auduga ne, ba sai na ba ka labarin yadda Funtuwa da Malumfashi da Gusau suke a lokacin kaka a da ba, ko yadda Kakuri take lokacin da masaƙun Kaduna suke aiki dare da rana. An kafa masaƙar Kaduna ta farko a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL, wadda ta fi kowacce girma, ta tsaya a 2007. Laifin na kowa ne. Namu: babu wuta, man baƙi da ake kunna tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP ba tare da an ajiye wani abu a gurbinsu ba, iri ya gauraye, fasa-ƙwauri ya zama sana'a. Na waje: a farkon shekarun 2000 Amurka tana ba manoman audugarta, waɗanda ba su wuce 25,000 ba, tallafin sama da dala biliyan 3 a shekara. Suna noma fiye da abin da kasuwa ke so, farashin duniya ya faɗi, manomin Afirka ta Yamma da yake noma da arha fiye da su ya kwana ciki. Ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kuka taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a Cancun a 2003, taron ya watse baram-baram. Brazil ce ta kai Amurka ƙara a ƙungiyar ta yi nasara, a ƙarshe a 2014 Amurka ta ba ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Masu kukan farko ba su da ƙarfin yin barazanar ramuwa, don haka ba su samu irin wannan ba. Sannan a Janairu 2005 tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare, yadin China ya malale ko'ina. Shiga Kantin Kwari yau ka juya bakin atamfa ka ga inda aka buga ta.

Abin da ƙasashe masu arziki ke kashewa wajen tallafa wa nomansu a shekara ya fi dukkan agajin da suke bayarwa. Wani lokaci ma yakan iso har rugar Bafulatani. Garin madarar Turai da aka cire wa mai aka maye gurbinsa da manja yana shigowa Afirka ta Yamma da harajin kashi 5 kacal, ya fi madarar shanunmu arha. Harajin shiga kasuwarsu kuma yakan hau ne gwargwadon yadda ka sarrafa kayanka. Ɗanyen koko yana shiga Turai kyauta, amma in Najeriya ta sarrafa shi sai ta biya haraji, saboda ba ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci da Tarayyar Turai ba. Ghana da Kwaddibuwa suna noma fiye da rabin kokon duniya, ribar cakulan kuwa tana Turai da Amurka. Haka fatarmu: fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fatake, ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa, ta tafi Italiya, ta koma jaka da takalmi a can.

Amma ba kowace ƙofa ce a rufe ba, wasu an buɗe mana mun kasa shiga. A Mayu 2000 Amurka ta kafa dokar AGOA, ta yafe haraji a kan dubban kayayyakin Afirka. Lesotho da Kenya sun kafa masana'antun ɗinki, dubban mata suka samu aiki. Mu kusan ɗanyen mai kawai muka tura, har wa'adin da aka ɗebar wa dokar a 2015 ya cika a Satumba 2025. Ga kuma maganar wake. A Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda an samu maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Duk wanda ya taɓa shiga sito a lokacin ajiya ya san yadda ake yi: a yayyafa fiya-fiya a kan waken, a ɗinke buhu, warin ya hana ka numfashi. Ba makirci ba ne Turawa suka ƙi ci. Mu ne muke cinyewa da 'ya'yanmu. Ga buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba yana nan a kasuwa. Abin da ake buƙata malaman gona ne da ɗakin gwaji amintacce a kusa da Dawanau, kuma kuɗin wannan bai kai na gadar sama guda ba.

Yanzu agajin. Ban yarda da masu cewa bai amfana komai ba, don ƙarya ce. Kurkunu ya bar Najeriya da Nijar, an tabbatar da haka a 2013, da taimakon cibiyar Jimmy Carter da Janar Gowon. A Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan duk abin da aka sha a Kano a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin. Shirin PEPFAR da Amurka ta fara a 2003 ya riƙe ran masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ba adadi. Gidan sauro da rigakafin yara da yawa daga asusun Global Fund da Gavi suke. Matsalar agaji ita ce ba haƙƙinka ba ne, siyasar gidan mai bayarwa ce ke juya shi. Birtaniya ta rage nata daga kashi 0.7 zuwa 0.5 a 2021, a Fabrairu 2025 ta ce za ta mai da shi 0.3 don ta ƙara kuɗin soja. A Janairu 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da agajin waje, kafin Yuli an rufe hukumar USAID. Wani kaso na abin da ake kira agaji ma ba ya barin ƙasar mai bayarwa. A 2022 kusan kashi 14 cikin 100 an kashe shi ne wajen kula da 'yan gudun hijira a cikin ƙasashen nasu.

A jiharku aka ga abin da janyewar take nufi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina a wata shidan farko na 2025. Uwa ta taho daga ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma, da yaro a goye, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, ta tarar da ƙaramin asibitin da ake raba abincin gyaɗar nan na leda ba shi da ko katan ɗaya. Sai ta wuce babban asibiti, ta isa a makare. Ina jin zafin waɗanda suka yanke kuɗin a dare ɗaya ba tare da ba da lokacin shiri ba. Amma na fi jin zafin cewa a Abuja ne a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ta fi yawan tsayawa a wajen kashi 5. Gyaɗa muke nomawa. Bai kamata ran yaron Katsina ya rataya a kan zaɓen Amurka ba.

A lissafi ma agaji ba shi ne ke riƙe da Najeriya ba. Wajen kashi 1 ne cikin 100 na tattalin arzikinmu. 'Yan Najeriya mazauna waje suna turo kusan dala biliyan 20 a shekara, ninkin agajin sau da yawa. Nijar ce lamarinta ya bambanta. Ta samu sassaucin bashi a 2004, amma har zuwa 2023 kusan kashi 40 cikin 100 na kasafinta daga waje yake zuwa, shi ya sa bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka tsayar da tallafi, sai da ta zaftare kasafin da kusan wannan adadi, Amurka kuma ta cire ta daga AGOA. Ƙasar da tun 1971 aka shafe shekaru ana haƙar uranium a Arlit don hasken wutar Faransa, ita kuma tana sayen wutarta daga Najeriya. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin fushin 'yan Nijar ba. Sai dai canja abokin hulɗa ba ya canja lissafi da kansa. A Afrilu 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin man China, za ta biya da ɗanyen mai, da ruwa a kai.

Ba na so ɗalibanka su tashi da tunanin cewa duk laifin na waje ne, ko duk namu ne. Tsarin duniya a karkace yake. Amurka ita kaɗai tana da ƙuri'ar da za ta iya hana duk wani babban sauyi a IMF. Da asusun ya raba dala biliyan 650 na gaggawa a Agusta 2021, Afirka baki ɗaya biliyan 33 ta samu, saboda gwargwadon hannun jari aka raba. Kwamitin tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki a 2015 ya ce aƙalla dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka duk shekara ta haramtattun hanyoyi, mafi yawa ta hanyar wasa da farashi a takardun kamfanoni, kuma bankunan da ke karɓar kuɗin ba a Afirka suke ba. Kuɗin Abacha sai da aka yi shekara ashirin ana bin su. Wanda aka dawo da shi daga tsibirin Jersey a 2020 yana cikin abin da aka zuba a hanyar Abuja zuwa Kano. Amma ba Bature ne ya sa muka ƙone naira tiriliyan 4.4 a tallafin mai a 2022 ba, shekarar da Bankin Duniya ya ce biyan bashi ya lashe kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Ba shi ne ya sa aka ci naira tiriliyan 22.7 daga Babban Banki ba. Ba shi ne ya sa muka sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Yamai a Yuli 2019, sannan a Agusta muka garƙame iyakokinmu har fiye da shekara guda ba, albasar Galmi tana ruɓewa a mota, 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi suna zaman jira. Cinikin Afirka da Afirka bai wuce wajen kashi 15 cikin 100 na kasuwancin nahiyar ba, kuma a nan ne kayanmu da aka sarrafa suka fi samun masu saye.

Game da abin da za ka ba ɗaliban su yi da hannunsu, akwai dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda aka yi ta bayan yafewar domin kada a koma gidan jiya. Ta ce gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, ba za ta ci bashi ba sai don manyan ayyuka da gina ɗan Adam, a kan ruwa mai sauƙi da dogon wa'adi, kuma sai an gabatar da bayanin abin da aikin zai ci da abin da zai amfanar. Ofishin DMO yana wallafa bashin gida da na waje na kowace jiha a shafinsa na intanet. Su ɗauko na Katsina na shekaru biyar da suka wuce, su juya na dalar zuwa naira da farashin kowace shekara, su kwatanta da kasafin ilimi na jihar. In an sanar da sabon rance, su rubuta wa ɗan majalisar jiha na yankinku su tambaye shi da wane kuɗi za a biya, nawa ne ruwan, shekara nawa ne wa'adin, kuma ina bayanin da dokar ta ce a kawo kafin a amince.